Kwana Uku Bayan Nutsewar Tukunya

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa tudu ya kwantar da ruwa, ya ba kowace ƙasa ranarta da sanyinta, ya kuma ɓoye wa mutanen wata ƙasa lissafin wata ƙasar. Ni ce Tabawa, matar Arzika marini, ta garin Dogon Karofi. Na je ƙarshen arewa inda teku ke daskarewa, na dawo da ƙafafuna biyu. Tunda kun tambaye ni wane lokaci na shekara ya fi kyau a shiga tekun can, ku gyara zama, don ban iya gajeriyar amsa ba. Malam ma ya sha faɗa min haka.

Malam shi ne maigidana. Shekara arba'in da ɗaya muna tare kafin tafiyar nan, ban taɓa ganin hannuwansa da launin da Allah ya halicce su ba. Shuɗi ne har gwiwar hannu, ko ranar da aka kai ni gidansa haka na same su. Mutum ne wanda in ka nuna masa sararin sama ka ce ya yi kyau, sai ya ɗaga kai ya ce an yi saurin cire shi daga karofi, ramin rini. Wata shekara wani falke ya sauka a zaurenmu ya ba shi labarin Bango Shuɗi. Ya ce dutsen ƙanƙara ne a ƙarshen gaɓar tekun arewa, tsayinsa ya ninka ganuwar gari sau goma, launinsa kuwa babu marinin da ya taɓa fitar da irinsa. Malam ya yi dariya a gaban baƙo, ya ce fatake ba su rasa abin faɗa. Amma daga ranar bai sake samun sukuni ba, shekara goma sha biyu yana maganar bangon nan har na haddace ta.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Mai maganin ido ya zo ya duba, ya ɗaga fatar idon ya sauke, ya ce shekara ɗaya ta rage, in an yi sa'a da 'yan watanni a kai. A makon nan ruwan farko ya sauka. Ina tsugune ina zaɓen iri, Malam ya zo ya tsaya a kaina.

Ya ce, “Tabawa, ina so in ga abin nan kafin idon ya gama rufewa.”

Na ce, “Za ka gan shi, kuma ƙafata ƙafarka, don in na bar ka kai kaɗai ko ƙofar gari ba za ka kai ba. Amma yanzu? Da damina? Wa ka taɓa gani ya bar gida an yi shuka? Hanya duk taɓo, rafuka sun cika. Ka bari a kai gero rumbu, mu tashi lokacin da masu hankali ke tashi.”

Ya ce, “To.”

Ni a ganina gaskiya na faɗa. Duk wanda na sani ya yi tafiya, daga kakana har maƙwabcinmu, bayan girbi ya tashi. Ban taɓa kawowa a raina akwai ƙasar da lissafin nan ba ya aiki ba. Wata biyar da 'yan kwanaki muka zauna, na yi noma, na yi girbi, na sussuka, na cika buhu biyu na guzuri, ina ta yaba wa kaina.

Muka bi ayarin gishiri kwana arba'in cikin rairayi, a nan muka tsinci harshen fatake wanda ake ji a kowace kasuwa har bakin teku. Muka ratsa ƙasar da itatuwa ke tsaye tsirara ba ganye ko ɗaya alhali ruwa na gudu a gindinsu. Muka haye kogin da ake ja wa kwale-kwale igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, mai jan kuwa wani bijimi ne mai gashi har ƙasa. Kullum muka ƙara gaba sai yini ya ƙara gajarta. Azahar da la'asar suka riƙa matsowa juna, magariba na biye da su, har ya zama da alwala ɗaya muke yin ukun. Malam ya ce wannan ƙasa ta malalata ce. Ni kuwa haƙorana na ta kaɗawa don sanyi.

Bayan wata uku muka isa Ulmara, garin da jirage ke tashi zuwa Bango Shuɗi. Na tari mutum na farko na tambaye shi ina teku. Ya nuna min wani fili fari fat wanda ba a ganin ƙarshensa, mutane na tafiya a kai suna jan kaya. Na ɗauka bai ji ni ba, na sake tambaya da ƙarfi. Ya sake nuna min filin. Sai a lokacin na lura da jirage a kan tudu, an kife su jere kamar ƙwarya bayan wanki.

Aka kai mu gidan wata mata wai ita Marga, mai jirgi ce, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni. Gajera ce kakkaura, hannunta ɗaya yatsu uku ne suka rage, sanyi ya cinye sauran. Ta dube mu daga sama har ƙasa, ta tura mu gaban wuta, sannan ta yi magana da harshen fatake.

“Wa ya aiko ku a wannan lokaci?”

Na ce, “Ba wanda ya aiko mu. A ƙasarmu bayan girbi ake tafiya.”

Ta ce, “A nan bayan girbi ake rufe ƙofa. Tekun nan ba zai buɗe ba sai nan da wata uku. Da kun iso wata biyar baya, da tuni kun je kun dawo kuna shan romo.”

Wata biyar. Na ji maganar har cikin ƙashina. Na juya na dubi Malam ina jiran ya ce wani abu, ko da “ai na faɗa miki” ne, in samu abin da zan yi faɗa a kai. Bai ce ba. Ya miƙa shuɗɗan hannuwansa ga wuta ya ce wa Marga, “Baiwar Allah, romon da kika ambata akwai saura?” Wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Muka zauna gidan Marga. Rana ba ta fitowa sai ta leƙo kaɗan ta koma, Malam ya riƙa auna lokacin salla da tsagin da ya yi a jikin fitilar mai. Ni na shiga cikin matan gidan ina taya su fafe kifi da yi masa banda, don ban iya zama hannu sake ba. Da geron nan nake dama masa kunu kowace safiya. Shi yana shanyewa har ya lashe ludayi, ni kuwa ko kurɓa ɗaya ba na iya haɗiyewa, don in na dubi kunun sai in ga watannin da na cinye masa.

A ɗakin bandar kifi na koyi yadda mutanen Ulmara ke lissafin tafiya. Suna da wata ƙatuwar tukunyar dutse da suke turawa tsakiyar tekun su ajiye a kan ƙanƙara tun farkon sanyi, da igiya a wuyanta. Ranar da ƙanƙara ta yi laushi tukunyar ta nutse, ita ce ranar farko ta shekararsu, daga nan ake ƙirga. Kuma ban taɓa ganin mutanen da ke gardama a kan abu ɗaya kamar su ba. Yawanci suka ce kwana arba'in bayan nutsewar tukunya shi ne lokaci. A lokacin rana ba ta faɗuwa sam, teku ya kwanta luf, jirage na bin juna kamar hanyar kasuwa, har masu goyo na zuwa. Wani tsoho mai ɗinkin taru ya ce wannan lokacin 'yan kallo ne, ga hayaniya ga sauro, shi sai tsuntsaye sun fara komawa kudu yake so, lokacin da wuta koriya da ja ke wasa a sama, ko da yake iska kan karya jirgi ɗaya ko biyu. Matarsa ta ce ƙarya yake, rabonsa da shiga jirgi tun tana amarya. Marga kaɗai ba ta sa baki, sai dai ta ci gaba da fafe kifinta.

Ni kuma ina da nawa lissafin da ba su sani ba. Duk Juma'a, in rana ta ɗan leƙo, sai in fitar da Malam tsakar gida in tsayar da shi, in shiga cikin matan gidan mu tako zuwa wajensa, shi kuma ya faɗi wacce ce ni. Daga inda ya gane ni sai in ƙirga taku. Makon farko ya gane ni daga taku talatin. Na biyu ma talatin, na uku talatin. Na ji daɗi har na fara cewa mai maganin ido bai san aikinsa ba. Ran nan na cire awarwarona don ina kwaɓa kifi da gishiri, na manta ban mayar ba, muka fita gwaji. Na wuce taku talatin bai ce komai ba. Na wuce ashirin. Yana ta karkata kai yana saurare. Sai da na zo taku goma sha biyar ya ce, “Ga ta nan.”

Na ce, “Malam, ashe ƙarar awarwaro kake bi?”

Ya ce, “Wani lokaci kuma tarinki. Kina da tari mai suna, ko a kasuwa zan gane shi.”

“Mako uku kana yaudarata?”

“Na ga kina dawowa ɗaki kina waƙa. Rabon da ki yi waƙa tun muna gida.”

Na so in rufe shi da faɗa, sai kuka ya riga ni. Ya lalubo gefen mayafina ya riƙe har na gama. Daga ranar nake gwada shi ba awarwaro, bakina a rufe, kuma kusan kowane mako taku ɗaya ke tafiya.

Ranar da tukunya ta nutse gari ya ruɗe da kiɗa da ihu, ana rungumar juna. Ni na ja Malam bayan ɗaki na gwada shi. Taku shida. Ba sai an kira malamin lissafi ba. Kwana arba'in mako shida ne, ga kwana goma sha biyu na tafiya a kai. In muka jira lokacin da kowa ke yabo, makaho zan kai gaban Bango Shuɗi.

Na sami Marga tana shafa wa jirginta ƙaro. Na ce, “Uwar jirgi, wane ne lokaci mafi kusa da aka taɓa tashi?”

Ta ce, “Kwana uku bayan tukunya. Ni na yi, ina da ƙuruciya da taurin kai. Na dawo da rabin jirgi da waɗannan.” Ta ɗaga min yatsunta uku.

“Me kika gani?”

Ta ce, “Abin da masu kwana arba'in ba su taɓa gani ba. Amma ba na ba kowa shawara.”

Na faɗa mata taku shida, na faɗa mata maganar gero, duk ban rage komai ba. Ta goge hannu a cinyarta ta ce, “Wata uku ina jin bakinki a gidana, na san in na ƙi ba zan huta ba. Sharaɗi ɗaya. In na ce a juya, a juya, ba gardama.” Na ce na yarda, ko da yake ita da ni mun san ban taɓa yarda da abu ba gardama ba.

Malam ne ya ƙi. Ya ce, “Ki jira arba'in ɗin. Ba zan kai ki halaka saboda launi ba. Na ga shuɗi iri-iri a duniya, ya ishe ni.”

Na ce, “Sau ɗaya na sa ka jira, ka ce to. Yanzu ma to ɗin za ka ce. Tashi ka ɗaure kayanka.”

Ya ce, “Ikon Allah. Mace ɗaya ta hana ni tafiya, ita ce kuma za ta kore ni.” Amma ya tashi ya ɗaure jakar.

Kwana uku bayan nutsewar tukunya muka tashi, mu da Marga da 'yan'uwanta maza shida, duk dattawa. Mutanen gari suka tsaya a gaɓa suna kallonmu ba mai ɗaga hannu. Teku ya buɗe, amma cike yake da gutsattsarin ƙanƙara, wani kamar tabarma wani kamar gona, suna karo da juna suna gurnani. Muka riƙa bin gefen gaɓa, duwatsu baƙaƙe a hannun dama, ruwa na zubowa daga kansu ta ko'ina saboda narkewa. Ni da ko rafin garinmu sai an riƙe min hannu nake hayewa, kwana biyu na yi a kwance ina amai. Malam kuwa ya zauna a gaban jirgi ya buɗe hanci, wai shi iska ta karɓe shi.

A kwana na huɗu jirgi ya girgiza kamar an doke shi da gungume. Muka leƙa, sai ga wani kifi wanda ya ninka jirginmu tsawo, bayansa toka-toka, cike da ƙananan dodon koɗi manne da fatarsa. Ya juya ya sake goga jikinsa a gefen jirgi, katako ya yi ƙara. Mazan suka zaro masu. Marga ta daka musu tsawa, ta ce in aka soke shi da wutsiya ɗaya zai raba mu biyu, shi ne ya cinye mata rabin jirgi a wancan karon. Na tsaya ina kallon yadda yake yi. Ba da kai yake zuwa ba, da gefe yake zuwa, ya lumshe ido. Na yi kiwon saniya a gidan ubanmu, na san wannan fuskar.

Na ce, “Uwar jirgi, wannan ba faɗa yake nema ba. Ƙaiƙayi ke damunsa. Duk sanyin nan bai sami abin sosawa ba sai mu.”

Na ɗauki doguwar tsintsiyar wanke jirgi na leƙa na fara kankare masa baya. Ya tsaya cik. Mazan suka dubi juna, suka ajiye masu suka ɗauko ƙugiyoyin jan taru. Tun hantsi muke sosa har bayan la'asar, in mun gama gefe ɗaya ya juya mana ɗayan. Da ya gamsu ya fesa ruwa sama ya jiƙa mu sharkaf, ya nutse abinsa. Ina zaune ina haki, hannuna ba ya ɗaguwa, Malam ya ce, “Shekara arba'in ina roƙon ki sosa min baya kina cewa kina da aiki. Ashe sai na zama kifi.”

A kwana na bakwai sanyi ya dawo. Muna cikin wani matsatsi tsakanin tsibiri da gaɓa, muka wayi gari ruwa ya daskare ya riƙe jirgi gam. Ga buɗaɗɗen teku can muna hango shi, bai fi taku ɗari biyu ba, amma ba hanya. Mazan suka sara da gatari har suka gaji. Marga ta ce ba abin yi sai jira, ko mako ɗaya ko biyu. Na sauko da Malam kan ƙanƙarar na gwada shi, taku huɗu. Hasken farin filin nan ya ƙara cinye masa ido. Ban faɗa masa adadin ba, amma ya iya ƙirga.

Ya tsuguna ya shafa ƙanƙarar, ya ɗaga fuska wajen rana. Ya ce, “Rana na da ƙarfi, farin ne ke korar ta. Tabawa, in kin yi shanya, wanne ke riga bushewa, farin zane ko baƙi?”

Na ce, “Baƙi mana.”

“To a rina hanyar.”

Aka kwaso tokar murhu da garin gawayi da baƙin gindin tukwane, aka barbaɗa su a layi daga hancin jirgi zuwa wajen ruwa. Suka ƙare saura kamar taku hamsin. Malam ya buɗe jakarsa ya fito da wani ƙunshi. Shuninsa ne mafi kyau, na shekarar da ganyen baba na rini ya yi albarka, shekara ashirin yana ɓoyonsa. Ya ɗauko shi ne don ya kara shi da Bango Shuɗi ya ga wanda zai ji kunya. Na ce masa ya bari a nemi wani abu. Ya ce shunin da aka ƙi amfani da shi ƙasa ne kawai, ya sa na riƙe masa hannu, shi da kansa ya barbaɗa har bakin ruwa. Kwana biyu rana na cin layin nan. A na uku aka daka shi da sanduna ya farfashe, jirgi ya bi ta ciki ya fita, ruwan bayanmu ya yi shuɗi. Mazan Ulmara suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna taɓa hannun Malam.

A kwana na goma sha biyar muka karya wani lungu na gaɓa, sai ga shi. Ba zan ce muku ga yadda yake ba, don ni ba mariniya ba ce. Na dai san na zauna a kan igiya ina salati. Kowane ɗan lokaci sai wani ɓangare kamar gida ya ɓalle daga jikinsa ya faɗa ruwa da ƙara irin ta aradu. Marga ta sa aka sauke ƙyallen jirgi tun daga nesa, ta ce ko taku ɗaya ba za ta ƙara ba.

Malam ya miƙe ya riƙe gefen jirgi, ya ware ido iyakar ƙarfinsa. Ya ce, “Ina yake?”

Na juya masa kai wajen. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Haske nake gani. Fari.”

Na sa aka ƙugo wani guntu da ya ɓalle yana yawo kusa da mu, na ɗora masa a hannu. Ya kai shi dab da ido yana juyawa. Garau yake kamar ruwan randa, ba ɗigon shuɗi a ciki. Marga ta ce a hankali, launin ba ya zama a ƙaramin guntu, sai a mai kauri. Malam ya ajiye shi, ya goge hannu a riga, ya yi murmushi wajen da yake zaton ina tsaye.

Ya ce, “To alhamdu lillahi. Mun dai zo, Tabawa. Kin kawo ni.”

A duk tafiyar nan ba abin da ya ƙona min rai kamar wannan godiyar. Na juya baya don kada numfashina ya tona ni. Sai idona ya faɗa kan wani ƙaton ɓangare da ya ɓalle tun kafin mu zo, yana shawagi nesa da bangon. A gefensa akwai tsaga mai faɗin ƙofar zaure, cikinta kuwa ya fi bangon kansa shuɗi.

Na nuna wa Marga. Ta girgiza kai. Ta ce, “Shi ne abin da na gani a wancan karon. Ba ya wuce 'yan kwanaki, kafin kwana arba'in rana ta cinye irinsu, bangon ma ya yi fari-fari. Amma abin nan yakan kife ba sallama. Na ce miki in na ce a juya...”

Na ce, “Ba ki ce ba tukuna.”

Ta dube ni, ta dubi Malam. Ta yi wata magana da harshensu wadda na tabbata ba addu'a ba ce, ta sa aka sauke ƙaramin kwale-kwale. Ta hana mazan shiga, ita ta tuƙa da yatsunta uku. Malam a tsakiya, ni a gaba ina fuskantarsa, na riƙe gwiwoyinsa.

Muka shiga tsagar. Ƙarar teku ta ɗauke, sai ɗigar ruwa. Launin ya rufe mu ta sama da ƙasa da kowane gefe, ba inda ido zai kauce masa, ko da ido ne mai yana. Na ji gwiwoyin Malam sun sandare a hannuna. Bakinsa ya fara motsi, na matsa na saurara, ashe lissafin rini yake yi, toka kaza, baba kaza, kwana kaza a karofi. Ya yi ya sake, ya yi ya sake. Sannan ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, “Ba zai yiwu ba. Tabawa, ba zai yiwu ba! Falken nan bai yi ƙarya ba, ragewa ma ya yi.”

Na ce, “Kana gani?”

“Ina gani. Yi min shiru.”

Na yi shiru, kuma ku shaida, wannan ne karo na farko. Can ƙanƙarar ta yi wani nishi daga ƙasa, kwale-kwale ya yi rawa. Marga ta ce, “Yanzu na ce. A juya.” Na buɗe baki zan roƙa masa ɗan lokaci, sai na ga ya juyo da fuska, ya matso har ina jin numfashinsa, ya tsaya haka kaɗan. Sannan ya lumshe ido, ya warware jelar rawaninsa ya ɗaure su tam.

Na ce, “Me kake yi haka? Ai da sauran taku uku ko huɗu.”

Ya ce, “Na bar su. Ba na so in ɗora wani abu a kan wannan. Mu tafi.”

Marga ta tuƙa da baya muka fito. Ba mu kai jirgi ba muka ji ƙara a bayanmu, ɓangaren ya kife, igiyar ruwa ta ɗaga mu ta sauke. Malam ko juyawa bai yi ba. Ni kuwa da tsoro ya sake ni sai haushi ya kama ni, don ni mutum ce, ba zan ɓoye muku ba.

Na ce, “Wato shekara arba'in da ɗaya, na bar gidana, na sosa wa kifi baya, amma abin da ka zaɓa ya zama na ƙarshe a idonka ƙanƙara ce.”

Ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce, “Wa ya ce miki? Ke na kalla a ƙarshe. Kina ciki, kin buɗe baki za ki yi gardama, kin yi shuɗi har haƙora. Haka zan riƙa ganinki.”

Bai kwance rawanin ba sai da muka sauka Ulmara, kuma da ya kwance babu sauran abin da ya rage. Bai taɓa cewa ya yi da-na-sani ba. Shekara tara ya ƙara a duniya, ina jansa zuwa bakin karofi kowace safiya yana gane rini da hanci yana yi wa marina faɗa.

To kun ji. Masu son kwanciyar hankali su jira kwana arba'in bayan tukunya, ba laifi, Marga ma haka za ta ce muku. Ni dai a kwana na uku na tashi, kuma ko yau aka mayar da ni a kwana na ukun zan tashi. Nan hikayata ta tsaya. Abin da na faɗa daidai Allah ya sa ya amfane ku, abin da na ƙara gishiri ku yafe wa tsohuwa, shi kuma Malam ku sa shi a addu'a.